Yadda muka samo wa gonar inabi shaidar bio a kudancin Faransa

Tun da na kama aiki a wata ƙaramar gonar inabi a jihar Hérault, 'yan'uwa masu karatun noma a Montpellier da Toulouse suke yawan tambayata yadda gona take samun tambarin nan na koren ganye mai taurari da ake gani a jikin kwalba, wato shaidar bio, noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi na zamani. Wasu neman aiki suke, wasu kuma iyayen gidansu sun riga sun ɗora masu takardun ba su san ta ina za su kama ba. Shi ya sa na ga gara in zayyana abin da muka bi tun daga farko. Ni ɗan Maradi ne, Kirista, kuma na san yawancin masu karanta wannan ba sa kusantar giya, ba kuwa kiran kowa nake zuwa gare ta ba. Amma dokar da ta hau kan kurangar inabi ita ce ta hau kan zaitun da tuffa da duk itacen da ke daɗewa a ƙasa, don haka wanda ya faɗa gonar 'ya'yan itace a Turai zai tarar da ƙofofin nan a jere kamar yadda muka tarar.

Gonar hekta 6 ce, a kan tuddai arewa da Béziers, ƙasa mai duwatsu falle-falle da ke karyewa a hannu. Jan inabi kaɗai ake nomawa: tsofaffin kurangun Carignan, da Cinsault, da Grenache, da ɗan Syrah a gangare. Mahaifin maigidana duk rayuwarsa ƙungiyar manoma ta ƙauyen yake kai wa inabi, a auna nauyi, a auna zaƙi, a biya shi. Da ɗan ya karɓi gonar sai ya janye, ya gyara tsohon ɗakin ajiya, ya fara tsima jar giyarsa da kansa ba tare da zuba komai a ciki ba. Ya daɗe da daina fesa maganin ciyawa, ya daina takin zamani, saboda haka a zuciyarsa shi manomin bio ne, takarda ce kawai ta rage. Da wannan tunani muka je ofishin shawarar manoma, wanda suke kira Chambre d'agriculture, a farkon 2020. Matar da ta karɓe mu ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce masa abin da ya wuce ba ya cikin lissafi. Akwai 'yar ƙofa da ake rage wa mutum lokaci idan ya kawo hujjar cewa shekara 3 ba a zuba haramtaccen abu a filin ba, amma shi bai ajiye rubutu ba, kuma a 2018, shekarar da fumfunar ganye ta addabi yankinmu na Languedoc, ya fesa maganin kanti don ya tsira da amfaninsa. A mota muna komawa bai ce uffan ba, ni ma na ji zafin abin, don na ga tafin hannunsa na san irin noman da ya yi.

Abin da matar ta zana mana a takarda shi ne ginshiƙin komai. Ga itace mai daɗewa, sai an cika wata 36 cif daga ranar da aka sa hannu da kamfanin bincike kafin a tsinke 'ya'yan da za a kira bio. Ba shekarar kalanda ake dubawa ba, ranar tsinka ake dubawa. A wajenmu ana yankan inabi daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba, to wanda ya sa hannu a watan Afrilu ko Yuli na 2020, inabinsa na 2023 ya shiga. Wanda ya ce bari ya gama hidimar yanka ya huta ya sa hannu a Oktoba, inabinsa na 2023 ya fita da 'yan makonni kawai, sai ya jira 2024. Wani maƙwabcinmu haka ta faru da shi. Akwai kuma rana ta biyu, 15 ga Mayu, wadda ake rufe cike takardun tallafin noma na Tarayyar Turai. Duk mai son tallafin sauya noma, wanda ga inabi yuro 350 ne a kowace hekta a shekara, wato wajen sefa dubu 230, dole ya riga ya sa hannu kafin wannan rana.

Muna dawowa aka rufe ƙasar saboda korona, a tsakiyar Maris, sai komai ya koma ta intanet. Matakin farko shi ne sanar da hukumar Agence Bio a shafinta. Ana shigar da lambar rajistar sana'a ta SIRET, da adireshi, da abin da ake nomawa, da sunan kamfanin da zai riƙa bincikenka, ba a biyan ko kwabo. A nan mutane ke rikicewa, su ɗauka hukumar ce ke ba da shaida. Ita rajista kawai take yi. Masu ba da shaidar kamfanoni ne masu zaman kansu da INAO, hukumar gwamnati mai kula da tambarin ingancin amfanin gona, ta amince da su, irin su Ecocert da Certipaq da Bureau Veritas, kowanne da lambarsa da za ta fito a jikin kwalba. Na rubuta wa wasu daga cikinsu suka aiko da farashi. Abin da ya kamata a lura da shi a takardar farashin shi ne ko ta haɗa da ɗakin tsimi, domin gona daban, sarrafa giya daban, kuma wani farashin da ya yi kama da mai sauƙi gonar kaɗai ya ƙunsa. Namu da duka biyun ya kama kusan yuro 600 a shekara. Muka sa hannu a watan Afrilu, na cike takardun tallafi a shafin Telepac ina zana iyakar kowane fili a hoton sama. Tallafin ya zo, amma irin wannan kuɗi sai ka gama kashe na aljihunka yake isowa, kada a gina kasafin shekara a kansa.

Mai bincike ta farko ta zo bayan an sassauta kulle, matashiya da takalmin roba da kwamfutar hannu. Na zaci kurangu za ta fi duba, sai ga shi mafi yawan lokacin a teburin kicin muka yi shi. Ta nemi taswirar filaye, da rasiɗin duk abin da aka saya don gona, da littafin da ake rubuta kowane feshi, da katin Certiphyto na maigida wanda ba a sayar wa manomi maganin feshi sai da shi, da takardar gwajin injin feshi. Daga nan ta ce a buɗe mata ɗakin magani. Ta bi kanta-kanta tana juya kowane buhu da jarka tana neman rubutun da ke nuna an yarda da shi a noman bio. Can baya, bayan wata tsohuwar taya, ta jawo jarka mai ƙura wadda saura kaɗan a gindinta, maganin ciyawa ne tun zamanin tsoho. Ta ɗauki hotonta ta rubuta. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce a kai ta wurin da ake karɓar ragowar magunguna a aiko mata da takardar shaidar an karɓa. Tsoho yana tsaye a bakin ƙofa da sandarsa, ya ce da ita: "'Yata, wannan jarka ta girmi aikinki." Ta yi murmushi ta ce ta yarda, amma ba za ta kwana a nan ba. Ta kuma tambaya ko duk gonar muka shigar. Doka ba ta son a sami iri ɗaya rabi bio rabi ba bio ba a gona guda, don ba mai iya bambance su a cikin kwando. Mu duka muka shigar lokaci ɗaya, wannan ya rage mana wahala mai yawa.

Daga ranar na zama mai riƙe littafi, kuma shafin da ya fi cin hankalina shi ne na jan ƙarfe. Manomin bio makamai biyu gare shi a kan cututtukan ganye: farar wuta don farar fumfuna, da ruwan jan ƙarfe don wadda ke zuwa da damshi, wanda asalinsa haɗin Bordeaux ne da aka gano tun wajajen 1885. Jan ƙarfe ba ya ruɓewa, taruwa yake a ƙasa, saboda haka Tarayyar Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara idan an raba. Ba nauyin garin da ke buhu ake ƙirgawa ba, zallar ƙarfen da ke cikinsa, sai ka duba kashi nawa ne cikin ɗari ka yi lissafi. Ga shi kuma ba ya shiga jikin ganye, a sama yake zama, ruwan sama mai kimanin milimita 20 ya wanke shi. Don haka kullum ido na kan hasashen yanayi, a fesa kafin ruwa, a sake bayan ruwa, kowane zagaye da ɗan kaɗan. Farar wuta kuwa idan rana ta yi zafi tana ƙona ganye, da asuba muke fita da ita. Ciyawar gindin kuranga ita ce ta fi cin ƙarfi. Tarakta tana yin tsakanin layi, amma a cikin tsofaffin Carignan da aka dasa a matse tun zamanin doki, fartanya ce kawai ke shiga. A nan na tsere wa kowa, domin wanda ya tashi yana noman hatsi a jigawar Maradi ba a koya masa sunkuyo.

Shekara ta biyu ita ce ta kusa karya mu. A daren 7 zuwa 8 ga Afrilun 2021 sanyi ya sauka a kusan duk gonakin inabin Faransa, bayan zafin ƙarshen Maris ya sa kurangu sun yi toho da wuri. Da gari ya waye na sauka filin Grenache da ke kwari, tohon da jiya yake kore shar ya yi baƙi ya lanƙwashe, in ka taɓa ya marmashe. Filayen tudu sun tsira, na kwari sun tafi. A wannan shekara ne mutum yake gane nauyin lokacin jira: kana aikin bio, kana biyan mai bincike, amfaninka ya ragu, amma ba ka da ikon rubuta bio a kwalba. Abin da doka ta yarda, bayan wata 12, shi ne ka rubuta cewa gonar tana kan hanyar sauyawa. Ƙungiyar Sudvinbio ta masu inabin bio na yankin Occitanie tana da wani tambari na musamman don wannan, CAB, kuma ya ɗan taimaka mana wajen masu shaguna. Wani dare maigida ya ce mini yana tunanin janyewa. Na buɗe littafi na nuna masa watannin da muka riga muka ci, na ce Maigida, in ka fita yau ka dawo gobe, daga ɗaya za a fara ƙirga. Ya daɗe yana kallon shafin, bai sake tayar da maganar ba.

A 1 ga Janairun 2022 sabuwar dokar Turai mai lamba 2018/848 ta maye gurbin tsohuwar, aka aiko mana da sabbin takardu, amma aikin gona bai canja sosai ba. Abin da ya girgiza mu a shekarar ziyarar ba-zata ce. Ban da binciken shekara-shekara da ake sanar da kai, suna iya zuwa ba sallama. Wani mai bincike ya zo a watan Yuni ya wuce kai tsaye filin Syrah da ke iyaka da gonar wani mai noman zamani, ya tsinki ganye a layin bakin iyaka da kuma tsakiya, ya zuba a leda biyu ya liƙe, muka sa hannu. Bayan 'yan makonni sakamako ya fito: tsakiya ba komai, bakin iyaka akwai ɓurɓushin wani maganin da ba mu taɓa saya ba. Iska ce ta kwaso shi. Aka nemi bayani a rubuce, na haɗa littafin feshi da rasiɗai da taswira mai nuna inda iska ke bugowa. Sun yarda ba mu muka fesa ba, amma aka ce inabin layukan bakin a yanke shi daban, kada ya shiga tankin sauran. Maigida ya taka har gidan maƙwabcin, suka yi magana ta mutunci, mutumin ya yarda zai riƙa kashe bakin injin da ke fuskantarmu idan ya zo layin ƙarshe, mu kuma muka dasa shinge. Wanda zai shiga wannan harka ya fara gyara tsakaninsa da maƙwabta kafin ya cike takarda.

Akwai kuma feshin dole. Wata cuta da ake kira flavescence dorée, wadda wani ɗan ƙwaro mai tsalle ke yaɗawa, idan ta ɓulla a yanki gwamnan jiha yakan ba da umarni kowa ya fesa, bio ko ba bio ba. Mu maganin da ake samu daga furen pyrèthre aka yarda mana, mai tsada, kuma hasken rana na kashe ƙarfinsa, sai da yamma liƙis ake fesawa. Maigida ba ya so, don ba ya zaɓen ƙwaro, har masu amfani yana kashewa. Yakan kawo labarin Emmanuel Giboulot na Bourgogne da ya ƙi fesawa, aka ci shi tara a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta Dijon ta wanke shi a ƙarshen shekarar. Duk da haka mun fesa, mun rubuta, domin ana tambaya.

Satumbar 2023 muka yanki inabin farko da ya cika sharaɗi, da hannu, cikin ƙananan akwatuna don kada nonnan su murƙushe, muna farawa tun duhu saboda zafin da aka yi a ƙarshen Agusta. A nan bincike ya koma ɗakin tsimi. Tun 2012 Turai take da dokar giyar bio, kafin nan inabin kaɗai ake shaida. Dokar ta rage yawan sinadarin farar wuta da ake sa wa giya don kada ta lalace: jar giya marar zaƙi miligiram 100 a lita, alhali ta gama-gari tana kai 150. Amma ta bar ƙofa ga yistin kanti da wasu abubuwan gyara. Maigida ba ya amfani da ko ɗaya. Kwana kaɗan kafin yanka mukan tsinko inabi kaɗan mu matse a bokiti, yistin da ke jikin ɓawon ya tashi da kansa, idan ƙanshinsa ya yi daɗi a zuba a tankin siminti ya ja sauran. Kowace safiya a auna nauyin ruwan da zafinsa a rubuta, a tura ɓawon da ya taso ƙasa. Haɗarin shi ne tsami: in ƙwayoyin da ba a so suka riga yisti, giyar ta doshi ruwan kal, kuma akwai iyakar da in ta wuce ba a sayar da ita. Shi ya sa muke kai samfuri ɗakin gwaji a kai a kai. Mai bincike kuwa lissafi take bi: kilo nawa ya fito daga wane fili, ya shiga wane tanki, lita nawa ya bayar, kwalba nawa aka cika. In ka sayar da abin da ya fi ƙarfin gonarka, nan take zai fito.

Kada a manta da duwan, wato kwastan, domin a Faransa giya a hannunsu take, kuma ba ruwansu da bio. Ana bayyana masu amfanin shekara kafin 10 ga Disamba, a bayyana abin da ya rage a ɗaki a ƙarshen Yuli, sannan kowane wata kafin ranar 10 a shigar da abin da ya shiga da abin da ya fita, ko da ba a sayar da kwalba ɗaya ba. Harajin kansa kaɗan ne, kusan yuro 4 a lita 100, yawan takardun ne aikin. Lambobin da ka ba duwan su ne mai binciken bio za ta gwada da littafinka, don haka daga littafi ɗaya nake kwafe duka.

Abin da ya fi rikita masu saye, har da wasu manoma, shi ne bambancin bio da abin da ake kira giyar nature. Bio doka ce ta Turai. Nature al'ada ce da ta taso daga Beaujolais a hannun mutane irin su Jules Chauvet da Marcel Lapierre, ta daɗe ba ta da takarda. A 2019 wasu manoma suka kafa ƙungiya, a Maris 2020 hukumar hana zamba a kasuwanci ta amince da sunan Vin méthode nature. Sharuɗɗansa sun hau kan bio ne: inabin bio, yankan hannu, yistin da ya zo da inabin, ba ƙari, ba tacewa mai tsanani ko dafawa, farar wuta kuma ko babu sam ko kada ta wuce miligiram 30 a lita, kowanne da tambarinsa. Ba gonar ake ba wa ba, kowace giya ake nema wa daban a kowace shekara, da sakamakon gwaji. Carignan ɗinmu ta tsaya da ƙafarta ba a sa mata komai ba. Cinsault ta nuna rauni, maigida ya sa mata ɗan kaɗan kafin a zuba a kwalba, ta ɗauki tambari na biyu. Na girmama shi a kan wannan, domin na sha ganin masu gwammace su sayar da giya mai wari da a ce sun taɓa farar wuta.

Takardar shaidar ta iso ta imel, shafi biyu, da sunan gonar da jerin abin da aka shaida da ranar ƙarewarta. Maigida ya buga ta ya kai wa tsoho, tsoho ya sa tabarau ya karanta har ƙasa. A ƙarshen Janairun 2024 muka je baje kolin Millésime Bio a Montpellier da samfurin da muka ɗebo daga tanki, kuma abin da masu saye daga Jamus da Beljiyam suka fara nema, kafin su kai kofi baki, ita ce wannan takarda.

Saura takardar jikin kwalba, wadda nan ma ake tuntuɓe. Kada a kai wa mai buga takardu sai kamfanin bincike ya duba zanen ya amince. Dole koren ganyen Turai ya fito da lambar kamfanin da inda aka noma inabin, tambarin AB na Faransa kuwa ganin dama ne. Idan farar wuta ta wuce miligiram 10 a lita sai an rubuta, ko da ba kai ka zuba ba, domin yisti da kansa yana samar da kaɗan. Mu a matsayin Vin de France muke sayarwa, wato giyar da ba ta ɗauke da sunan wani yanki, kuma mai wannan matsayi ba ya rubuta shekara ko sunan irin inabi sai ya nemi izini daga hukumar noma ta FranceAgriMer, wata takardar daban da kuɗinta. Giyar da aka yi bayan 8 ga Disambar 2023 kuma dole a nuna abubuwan da ke cikinta, yawanci ta lambar QR, abin da ya kama mu daga amfanin 2024.

Ga wanda zai fara, abin da zan ce ya sa hannu kafin 15 ga Mayu in yana son tallafi, in ya makara to kada ya bari a fara yanka bai sa ba. Ya share ɗakin magani kafin mai bincike ta zo. Ya rubuta feshi a ranar da ya yi shi, da sunan fili da yawan ƙarfe, don bayan mako guda ba mai tunawa. Ya ajiye kowane rasiɗi, har na dashen da ya saya don cike gurbin kurangar da ta mutu, domin idan ba na bio ba ne sai an nemi izini kafin a saya, ba bayan an dasa ba. Ya kuma tanadi kuɗin da zai riƙe shi shekara 3 da amfanin da ya ragu. Shaidar ba ta dindindin ba ce, kowace shekara ana dawowa a sake buɗe littafin, kuma duk mai son tabbatar da wata gona yana iya neman sunanta a kundin Agence Bio ya ga ko takardarta tana aiki.